Ranar da Halliru Ɗan Birni Ya Kai Suwaiba Kano

Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Garin Wudil ya san Halliru Ɗan Birni, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Takin zamani da maganin feshi yake sayarwa a bakin titi, amma wannan ta neman tuwo ce kawai. Babbar sana'arsa ita ce sanin Kano. Wata bakwai ya yi a can yana koyon gyaran rediyo, shekara goma sha takwas da suka wuce, kuma tun da ya dawo bai bar kunnen kowa ya huta ba. Yanzu in ya je sarin kaya iyakarsa Mariri, ya ɗora ya juyo, amma wannan bai taɓa rage masa baki ba.

Majalisarsa tana bakin gada, wajen Haladu mai suyar kifi, abokinsa tun na ƙuruciya kuma babban mai ƙaryata shi. Nan yake zama kullum da yamma yana raba shawarar da ba wanda ya roƙa.

"In za ka fita da iyali a Kano," zai ce, yana karkace hula, "ka fara da Dutsen Dala da sanyin safiya, ka gangaro Gidan Makama, ka leƙa marinar Ƙofar Mata. In rana ta take sai Lambun Masoya. Nan magana ta ƙare! Masu kawo abinci da farar safar hannu, cokali uku-uku a gaban kowa, ruwa na tsiri a tsakiya. Kuma ba a shiga da yaro."

"Cokali uku na mene ne?" in ji Haladu. "Baki nawa ne da kai?"

"Kai dai soya kifinka. Mutumin da bai taɓa wuce gada ba."

Maganar nan ta yi ta yawo har ta shiga kunnen matarsa Suwaiba. Shekara goma sha uku da aurensu, 'ya'ya biyar. Wata Laraba ta zauna za ta ci tuwo, kafin ta kai loma ta biyu hannu huɗu sun shiga kwanon, autan kuma ya zo da gudu ya taka miyar. Ta dubi kwanon, ta dubi mijinta da ke gefe yana sakace.

"Baban Khaulat, wai wannan Lambun Masoyan da kake ta aika mazan mutane, ni ba masoyiya ba ce?"

"Haba Suwaiba, ai ke ce shugabarsu."

"To ji nan. Tun da na haifi Khaulat ban ƙara cin abinci da zafinsa ba. Abu ɗaya nake so. Ka kai ni wurin nan, ka zaunar da ni, daga ni sai kai, in cinye kwano guda da zafinsa ba hannun yaro a ciki. In ka kasa, zan tafi Indabo wajen Inna in yi sati cur ni kaɗai, ka zauna da su biyar ɗin."

Halliru ya dubi autan da ke lashe miya a tafin ƙafarsa. Ko yini guda bai taɓa yi da su shi kaɗai ba. Amma baki ya riga hankali.

"Asabar ɗin nan! Ki shirya. Wallahi sai kin manta hanyar gida."

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Kada ka faɗa wa kowa za mu Kano. Ko Haladu."

Ya rantse, har da dafa ƙirji.

Ranar Juma'a da safe suka kai yaransu Indabo wajen Inna. Juma'a kuwa ranar kasuwar Wudil ce, majalisa cike take har da na tsaye. Halliru ya daure, Allah ya sani ya daure, kusan minti goma. Daga nan ya zaro takarda daga aljihu ya karanta musu tsarin tafiyar tun daga Dala har askirim ɗin ƙarshe, ya kuma roƙe su kada su faɗa wa kowa.

Mutanenmu kuwa ba sa jin mota za ta Kano su bar ta ta tafi fayau. Asabar da sassafe Suwaiba ta fito cikin leshinta na salla tana ƙamshin turare, sai ta tarar da ƙofar gida kamar tasha. Malam Isyaku na maƙwabta ya kawo buhun shinkafa a kai wa 'yarsa a Hotoro. Wata ta kawo tuluna biyu. Wani dattijo ya jawo rago mai manyan ƙaho, wai na sunan jikansa ne a Tarauni, lallai ya isa kafin ƙarfe takwas.

Halliru ya buɗe baki zai ce a'a, sai dattijon ya riga shi.

"Da wani ne da ban ba shi ba. Amma kai, Kano a tafin hannunka take."

Shi ke nan, an gama da shi. Buhu ya hau saman tsohuwar Golf ɗinsa, rago ya shiga but ya leƙo da kai ta kan kujerar baya, tulu ɗaya ya zauna a cinyar Suwaiba a kan leshin salla.

"Ko Haladu, na ce," in ji ta a hankali.

"Saƙo ne kawai, minti biyar-biyar. Ai duk a kan hanya suke."

Ya tayar da mota ke nan sai ga Gwaggo Ikilima, yayar mahaifinsa, tana ɗaga sanda. A bayanta jikoki uku ne, 'yan biyu masu shekara huɗu da yayarsu mai shida, kowa da ƙullin kayansa.

"Ɗan nan, Allah ne ya kawo ka. Ka mayar mini da su wajen uwarsu, sun ishe ni. Gyaɗi-Gyaɗi, bayan masallaci, gida mai koren ƙyaure, akwai darbejiya a ƙofa. Ka ce gidan Fatsuma."

"Gwaggo, ba lambar waya?" in ji Suwaiba.

"Wace waya kuma? Ɗan Birni ne fa."

"Na ma gane gidan," in ji Halliru.

Suwaiba ta rungume tulunta. Tafiyar da aka shirya ba yaro ta fara da yara uku da rago.

Har Mariri komai lafiya, in ban da ragon da ya cinye gefen mayafin Suwaiba. Halliru na ta bayani: nan gaba akwai shataletale, in ka zagaya shi ka ɗauki dama, shi ko ido rufe zai kai su. Da suka iso Hotoro sai ya nemi shataletale ya rasa. A wurin wata ƙatuwar gada ce, hanya ta hau sama, hanya ta nutse ƙasa, motoci na shiga ta nan suna ɓullowa ta can.

"Yaushe suka yi wannan ba su faɗa mini ba?"

Ya runtse ido ya zaɓi ɗaya. Suka hau, suka karkata, suka sauko, sai ga su suna fuskantar Wudil. Ya juyo, ya zaɓi wata, suka nutse, suka fito, Wudil dai. A zagaye na uku wani mai rake da ke gefen titi ya ɗaga masa hannu.

"Alhaji, sannu da dawowa! Ya hanya?"

Don ya wanke kansa, da suka sake hawa gadar sai ya nuna can nesa da alfahari.

"Suwaiba, buɗe idonki. Ga Dutsen Dala can. Tarihi ke nan."

Ta leƙa ta gefen tulu.

"Wanda tifa take juye wa yashi a kai?"

"Gyara ake masa," in ji Halliru.

Sai wajen sha ɗaya suka sami gidan 'yar Malam Isyaku. A irin wannan wuri kuwa ba a ajiye saƙo a ƙofa a juya. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu bara. Can sai ga faranti na shinkafa da wake, mai da yaji, tururi na tashi. Suwaiba, wadda ko koko ba ta sha ba, ta wanke hannu. Halliru ya janye farantin.

"Kada ki ɓata cikinki. Lambun Masoya na jiranmu."

Jikokin Gwaggo suka faɗa wa abincin, ita tana kallo. Da za su tafi matar gidan ta fito da fanka da katifa a kai wa babanta, sannan ta turo 'ya'yanta biyu.

"Tunda Wudil za ku koma, Kawu, su je su yi kwana biyu wajen kakansu. Ai kai na gida ne."

Yara suka zama biyar. Suwaiba ta waiwaya ta ƙirga su da ido, ta ce, "Sun cika daidai. Har na fara kewar namu."

A Tarauni sun isa bayan azahar. An tashi daga taron suna tuntuni, ana ta suyar nama. Uban jariri ya fito fuska ba annuri.

"Tun bakwai muke jira, liman ya zauna har ya gaji. Na fita na nemo wani, an yanka. Wannan ka mayar wa Baba, ka ce mun gode."

"To ku riƙe shi mana, ai rago ba ya lalacewa."

"A ɗaki ɗaya da falo? A gado zan kwantar da shi?"

Matan gidan suka ja Suwaiba ciki, suka ajiye mata waina da miyar taushe da soyayyen nama. Ta ɗauki waina guda, har ta kai ta bakin miya, sai muryar mijinta daga zaure.

"Suwaiba! Cokali uku fa!"

Ta mayar da wainar. Wata tsohuwa ta dube ta da tausayi ta tambaya ko azumin nafila take yi. Ta ce a'a, aure take yi.

Sai Gyaɗi-Gyaɗi. A nan Halliru ya gano cewa unguwar masallatai ne da ita bila adadin, kowane masallaci yana da baya, kowane baya yana da darbejiya, kuma da alama shekarar da aka yi ƙyauren unguwar koren fenti ne ya yi araha. Ya yi sallama a gida tara. Ya samu Fatsuma shida: biyu tsofaffi, ɗaya amarya, ɗaya jaririya, biyu kuma suka ce nasu yaran ma sun ishe su. Aka tambayi yayar 'yan biyun ko ta gane hanya, ta ce gidansu yana kusa da wata akuya.

Bayan la'asar suka dace da gidan. Ƙaton kwaɗo ne a ƙyauren. Maƙwabciya ta leƙo.

"Fatsuma? Ai tun safe ta tafi Wudil ɗauko 'ya'yanta."

Halliru ya jingina da darbejiyar. Gumi ya jiƙa babbar rigarsa, 'yan biyu na kuka, rago na taya su. Ya tuna sati guda da yara biyar. Dabara ɗaya ta rage masa. Zai kai ta Lambun Masoya, ya bar yaran a mota wajen maigadi, ya zaunar da ita ko na minti goma ne.

Abin mamaki, wannan hanyar bai ɓata ba. Ga katangar, ga ƙofar ƙarfen, duk yadda ya bar su. Sai dai tun daga nesa ake jin kiɗa da ihu, an ɗaure balan-balan a ko'ina, allon kuma an sake masa fenti da hoton zomo.

Suwaiba ta karanta a hankali, harafi bayan harafi. "Lambun Yara. Wurin wasa da shagalin ƙananan yara."

Yara ne a ciki sun fi ɗari, wasu a lilo, wasu suna tsalle a cikin wani ƙaton gidan roba da ake hura wa iska. Kafin Halliru ya kashe mota biyar ɗin baya sun ɓalle ƙofa sun yi ciki da gudu. Ya fito yana gyara hula, ya nufi wani tsohon maigadi da ke zaune a benci.

"Baba, ina aka mayar da gidan abincin nan? Ni tsohon mai zuwa ne, teburina na kusa da ruwan nan mai tsiri."

Tsohon ya ƙura masa ido, ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙe.

"Kai! Ba kai ne mai koyon gyaran rediyon nan ba? Wanda na ba rediyota tana kama tasha uku, ka dawo mini da ita tana kama ɗaya?"

"Baba, kama ce kawai..."

"Wace kama? Halliru! Kullum da rana kana nan a bencin nan kana shaƙar ƙamshi, kana tambayata me suke ci a ciki. Ni na ba ka labarin cokulan ma. Yaushe ka taɓa wuce ƙofar nan? Gidan abinci ai ya shekara goma da tashi."

Suwaiba tana tsaye a bayansa da tulu a hannu. Ta ji komai, ba abin da ya wuce ta.

Wataƙila da ya samo abin faɗa, don bai taɓa rasawa ba. Amma yaran sun bar ƙofar mota a buɗe, ragon kuma ya gaji da zaman but tun safe. Ya haure kujera, ya dira, ya ratsa tsakanin ƙafafun maigadi ya yi cikin lambu. Mata suka watse suna salati. Halliru ya tattare riga ya bi shi. Rago ya zagaya teburin kek, ya faɗa gidan roba, Halliru ya faɗa bayansa.

Wanda bai taɓa shiga irin gidan nan ba bai san ba a tsayuwa a cikinsa ba. Ya taka, ƙasa ta cilla shi sama. Ya sauko, ta sake cilla shi. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, babbar riga ta kife masa a ka. Yara suka ɗauka wasan da aka shirya musu ne, suka kewaye shi suna tafi suna tsalle, kowane tsallensu na ƙara wurgi da shi. Can rago ya soka ƙaho a bango. Aka ji fuuu, gidan ya fara lanƙwashewa a hankali. Yara suka rarrafo waje suna dariya, aka bar ƙato ɗaya da rago suna kokawa a ƙarƙashin roba. Iyaye mata kuwa kowace ta ɗaga waya.

Hajiyar da ke da wurin ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce ya kwashi ragonsa da 'ya'yansa ya ɓace mata da gani.

"Ba 'ya'yana ba ne, Hajiya."

"To na wa ka sato?"

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana. Ko gadar Hotoro ba ta ba shi wahala ba, don in dai fuskantar Wudil ne ya riga ya ƙware. Rana ta yi ja lokacin da suka hau gadar garinsu.

"Tsaya wajen Haladu," in ji Suwaiba.

"Haba, mu dai wuce gida..."

"Tsaya."

Majalisa ta cika maƙil, kowa ya sunkuya a kan wayar wani. Hoton ya riga su isowa. Halliru na fitowa da takalmi ƙafa ɗaya aka kwashe da dariya har da masu faɗowa daga benci.

"Maraba da Ɗan Birni!" in ji Haladu. "Cokali nawa aka ba ka? Mun dai ga ƙaho biyu. Af, Fatsuma ta zo, da ta ji ka tafi da yaran ta koma Kano tun azahar. Gwaggo ta ce su kwana gidanka, ita ta sallame su."

Suwaiba ba ta kula kowa ba. Ta dire tulun a hannun mijinta, ta wuce can gefen ruwa inda Haladu ya shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiya don masu zuwa da iyali. Ta zauna, ta miƙe ƙafa. Haladu da kansa ya tsamo ƙaton kifi, ragon ruwa, daga kasko, mai na tsartsatsi, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, ya kai mata. Yaran suka yunƙura za su bi ta. Ta ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Baban Khaulat, riƙe saƙonka."

Ya tsaya a jikin mota, tulu a hannu ɗaya, igiyar rago a ɗaya, yara biyar sun riƙe masa riga. Sai a lokacin ya lura da manyan motoci uku da ke fake a wurin. Wani mai farar shadda ya taso daga tabarma shi da matarsa, yana goge hannu, ya dubi Halliru da fara'a.

"Malam, da alama baƙo ne kai a garin nan. Bari in ba ka shawara. In kana son fita da uwargida, ka bar yaran nan a gida, ka kawo ta nan. Mu daga Kano muke zuwa duk Asabar. Ga ruwa, ga iska, ga kifi da zafinsa. Duk birni ba ka samun irinsa."

Haladu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Suwaiba ta ci kifinta a tsanake. Ta ci tsoka, ta tsotse ƙaya, ta fasa kan ta cinye, tana kallon masu kwalekwale suna dawowa. Hawaye ya ɗan taru a idonta, ba na yaji kaɗai ba. Da ta gama ta wanke hannu, ta taso tana gyara abin da rago ya bari na mayafinta.

Halliru ya yi murmushin neman sulhu.

"To alhamdu lillahi, kin dai ci da zafinsa, ba hannun yaro. Alkawari ya cika ke nan."

"Ya cika," in ji ta. "Haladu ya cika shi."

"Suwaiba, dubi girman Allah. Sati guda fa!"

"Gobe da sassafe zan tafi Indabo. Kada ka damu da rakiya, na san hanya." Ta buɗe ƙofar mota ta zauna. "Ina isa zan ba direba saƙo ya kawo maka. Guda biyar ne. Zan ce masa Sabon Gari, bayan masallaci, gidan Ɗan Birni. Kowa ya gane gidan."